Shekarar da Shamuwa Ta Ƙi Sauka

An ce wani sarki ya rasa ɗansa guda ɗaya tak, zazzaɓin cizon sauro ya ɗauke shi. Tun daga ranar sarkin nan bai sake zama wuri ɗaya ba, sai kai da kawo tsakanin zaure da soro. Ya yi rantsuwa sai ya ga bayan sauro. Ya sa aka cike kowane kududdufi, aka janye ruwan fadama, aka kife tukwane. Cikin shekara biyu babu mai jin kukan sauro a ƙasar.

To, al'adar manoman ƙasar ba sa shuka sai sun ga shamuwa ta sauka bisa rimin kasuwa, don ita ke kawo albishirin damina. A shekara ta uku ruwa ya sauka har sau huɗu, shamuwa shiru. Manoma suka riƙe irinsu, suna cewa ruwan yaudara ne. Kwanakin shuka suna ta wucewa.

Sarki ya fusata, ya sa aka ɗaure Sarkin Noma, ya ce gobe za a fille masa kai saboda ya koya wa mutane lalaci.

Sai ga wani tsohon masunci, Barmo, wanda komarsa ta ruɓe don rashin ruwa. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ya sarki, in ka gayyaci baƙo ka zubar da tuwonsa, wa za a tuhuma in bai zo ba?"

Sarki ya ce, "Mai gida. Amma ni wa na gayyata?"

"Allah ya ja zamaninka, me shamuwa ke ci?"

"Kwaɗi da fara."

"Kwaɗo fa, ina yake haihuwa, me yake lasa?"

Sarki ya tsaya cak. Can ya ce, "Tsoho, so kake in dawo da wanda ya kashe mini ɗa?"

Barmo ya ce, "Ban wanke sauro ba, ni ma 'ya'yana biyu ya ci. Amma shi ka yanke wa hukunci, kwaɗo da ɗan kifi da tsattsewa suka sha bulala. Shamuwa ta leƙo, ta ga babu kalaci, ta wuce. Yau bulalar ta iso wuyan Sarkin Noma. In fara ta taso babu mai tsince ta, ban san wuyan wa za ta isa ba."

Sarki ya sunkuyar da kai. Sa'an nan ya kwance Sarkin Noma da hannunsa, ya sa aka yi shela kowa ya fita shuka a ranar, aka kuma fara haƙa tafkuna a bayan ganuwa, nesa da gidaje. Gero bai yi rabin yadda ya saba ba a shekarar nan.

Aka ji sarki yana cewa, "Hukuncin da bai tambayi maƙwabtan mai laifi ba, zalunci ne ya naɗa rawani."