Motar da Ba Ta Ɗauki Inna Ba

Akwai wani dillalin shanu a Daura, Alhaji Mainasara, wanda Allah ya buɗa wa ta cinikin kan iyaka a Kongolam. Yana da tsohuwar Fijo mai dogon baya, wadda ta yi shekaru tana kai shi ƙauyensu bayan Zango, inda mahaifiyarsa Hajiya Barakatu take zaune.

Yana da taubashi, Abbas, ɗan ƙanen mahaifiyar tasa. Kun san wasan taubasai, a faɗa maka mai zafi ka yi dariya. To Mainasara ba ya dariya.

Wata rana a majalisa, Abbas ya dubi Fijon ya ce, "Bawana, wannan akwalar taka ita ma ta je Hajji kuwa? Na ga ta fi ka tsufa."

Jama'a suka kwashe da dariya. Mainasara ya miƙe ya ce, "Wallahi sai na sayi motar da ko a mafarki ba za ka hau ba, matsiyaci."

Daga ranar wasa ya koma gaba. Ko sallama ba sa yi wa juna.

Mainasara ya shiga sayen motoci, ya sayar da wannan ya ɗauko waccan, duk don Abbas ya gani ya ji haushi. A ƙarshe ya kawo wata ja daga Legas, cikinta kamar zai taɓa ƙasa, kujerunta biyu kacal. Fijo kuwa aka lulluɓe ta da tamfol, har batirinta ya mutu. Ni dai ban taɓa ganin wauta mai tsada irin wannan ba.

Wata Laraba da hantsi aka kira shi: Inna, mahaifiyar tasa, ta faɗi a tsakar gida, bakinta ya karkace. Da ya ji Abbas yana can, ko a wannan hali sai da ya zaɓi jar motar.

Ya isa da ƙyar, yashi na kartar cikinta. Aka fito da Inna a tabarma, ba ta iya zama, sai kwanciya. Ga mata biyu masu jinya riƙe da buta da kwanuka, domin a wajenmu ba a kai tsohuwa asibiti ita kaɗai.

Aka buɗe ƙofar motar. Babu inda za a kwantar da mutum.

Abbas, wanda a babur ya zo, ya dube shi ido cikin ido. "Ina Fijon?"

Mainasara ya kau da kai.

"Na ce ina Fijon? Gwaggona na mutuwa, kai ka zo nuna mana mota? Tir da halinka!"

Motar haya sai a bakin kwalta. Dole aka ɗaura wa shanun maƙwabci amalanke, aka shimfiɗa Inna, matan suka zauna gefenta. Mainasara ya biyo su a baya cikin motar da aka ce iska ma ba ta kamo ta, yana tafiyar shanu, yana kallon hannun uwarsa na reto. Ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, kuma ba wanda ya ba shi haƙuri.

Inna ta rayu, amma likita ya ce an makara. Ɓarin jikinta na dama ya shanye.

Ya sayar da jar motar, ya kira bakanike aka ta da Fijo. Ya je neman sulhu wajen Abbas, Abbas ya ce, "Gwaggo za ka roƙa, ba ni ba," ya juya masa baya. Har yau ba su shirya ba.

Yanzu duk mako Mainasara yakan shimfiɗa katifa a bayan Fijo, ya kai Inna asibiti a gasa mata jiki. Kwanaki wani dillalin motoci ya tare shi yana zuga wata sabuwa da ta shigo, wai babu irinta a Katsina kaf. Ko hoton motar da ya miƙo masa bai karɓa ba. Ya nuna bayan Fijon, inda Inna ke kwance, ya ce:

"Malam, matsa min. Wannan ta ishe ni, uwata a ciki take."

Darasi: Kada ka raina abin da ke biya maka buƙata don ka ƙona ran wani. Wanda kake yi domin ya ji haushi ba shi zai ɗauki asarar ba, kai da naka ne. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu gasar motoci. Allah Ya ba mu wadatar zuci.