Dalilin da Ya Sa Kitse Ba Ya Amsa Kiran Gaggawa

Dalilin da ya sa kitsen jikin mutum ba ya motsi sai an daɗe ana wahala, gwaggona Barmani ce ta fara gaya mini shi, wata rana muna matsar man gyaɗa a tsakar gidanta, ina amarya. Ku matso nan, jikokina. Ke Hajjo da kika ture kwanon tuwo wai kina son ki rame, ke ma buɗe kunnenki.

A can da, in ji ta, ba haka abin yake ba. Jikin mutum murhu ne, makamashinsa iri biyu. Akwai abincin da ka ci yau, shi kamar kara yake, ya kama da sauri ya mutu da sauri. Akwai kuma Kitse, shi ne gungumen da aka jingine a bayan ɗaki saboda wata rana. To a wancan zamani Kitse yana ji, yana magana. Da kaka mutum ya ci ya ƙoshi, abin da ya ragu ya kwanta masa a ciki da ƙugu. In aiki ya taso, sai ya dafa cikinsa ya ce, "Taso, ga aiki." Nan take gungume ya kama kamar an zuba masa mai, mutum ya yini yana gudu ba haki. Shi ya sa in haihuwa ta zo da gardama ko aka yi gobara, ba siriri ake aika ba, mai jiki ake nema. Sharaɗin ɗaya ne: ba a ta da Kitse sai da dalili.

A wani ƙauye akwai wata mata Ladingo, matar Nomau masaƙi. Duk garin ba wanda ya kai ta jiki, don haka ba wanda ya kai ta sauri. Ungozomomin da ta ɗauko a guje, ita kanta ba ta san yawansu ba.

Ana shirin bikin ƙanwar mijinta, sai ta je rijiya. Ta sunkuya za ta ja guga, bakin zane ya buɗe, ya ƙi haɗuwa. Taubashiyarta Tasallah tana gefe, siririya kamar sillen kara, baki kuwa kamar aska.

"Taubashiya," in ji Tasallah, "ranar bikin nan da me za a naɗe ki? Tabarma za a aro, ko a sauke jinkar rumbu?"

Mata suka bushe da dariya. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, Ladingo ma ta rama, ta ce a ɗaura wa Tasallah dutse a ƙafa kada iska ta ɗauke ta wurin rawa. Amma da ta ɗora tulu ta kama hanya, maganar ta biyo ta har gida.

Nomau ya saurare ta yana harba ƙoshiyar saƙa. Da ta gama ya ce, "Zanen ne ya gaza, ba ke kika yi yawa ba." Ya ce gobe zai je gona ya tsinko auduga, ya saƙa mata mai faɗi. Ta ce kafin a tsinka, a gurje, a kaɗa, a saƙa, amarya ta haihu. Ya yi dariya kawai. Da gari ya waye ya ɗauki kwando ya fita, ƙafa ba takalmi kamar yadda ya saba.

Yana fita Ladingo ta ture kununta ba ta sha ba. Ta jawo turmi tsakiyar gida, ba ta zuba masa ko ƙwayar gero ba, ta dafa ciki ta ce, "Taso, ga aiki."

Kitse ya taso. Ta kama luguden taɓarya tun hantsi har rana ta take tsaka, zufa na zuba, tana jin zane yana sassautawa, ranta fari. Can Kitse ya tambaye ta me ake dakawa haka da ba ya ƙarewa. Ta ce geron biki ne. Ya ci gaba da ci. Da aka jima ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin an daka gero kaji ba su taru ba. Ta ce kajin sun ƙoshi. Sai ya bi zufar goshinta ya leƙa, ya ga turmi wayam.

Taɓarya ta yi mata nauyi a hannu nan take.

"Ladingo," in ji Kitse, "gumin damina guda na mijinki ne ni. Ajiyata aka yi don ranar da ba a so. Kin ƙone ni a turmin banza saboda bakin Tasallah. Daga yau ba na ƙara amsa kiran farko. Sai kara ya cinye, na ga aikin na gaske ne, sa'an nan in duba."

Ta ce to, ya daɗe bai yi fushi ba, dama nauyi yake mata.

Ko turmin ba ta kifar ba, sai ga wata mata daga maƙwabciyar gona ta faɗo gidan tana salati. Kububuwa ta sari Nomau a cikin auduga, an kwantar da shi gindin tsamiya, jini har ta dasashi. Mai maganin maciji kuwa yana wani gari, bayan fadama. A da wannan tafiya ba komai ba ce, kafin tukunya ta tafasa an je an dawo. Duk gari suka juyo suna kallon Ladingo.

Ta ɗaure zane, ta dafa ciki, ta ce, "Taso, ga aiki." Ta zuba da gudu.

Kitse bai taso ba. Ɗan tuwon jiya da ya rage mata shi ya kai ta bakin fadama, a nan ya ƙare. Ƙirjinta ya ɗauki zafi, cinyoyinta suka zama kamar an cika su da yashi, numfashi ya ƙi isa. Abin da ba ta taɓa ji ba ke nan a rayuwarta. Samarin da suka biyo bayanta su ma ta gan su a durƙushe suna haki, kowa yana dukan cikinsa yana kira, domin Kitse ɗaya ne, abin da aka yi masa a jiki guda duk jikuna ya ji.

Ladingo ta zube a kan gwiwa. Ta ce ta tuba. Ta ce ba don ita ba, don Nomau, wanda bai taɓa ce masa ya yi yawa ba.

Can Kitse ya tanka. Muryarsa ba fushi a cikinta. "Rantsuwa ta riga ta fita, ba ta komawa. Amma tashi ki yi tafiya, ki bar gudu. Ki ba ni iska, gungume ba ya ci sai ana fifita shi. Zan zo kaɗan-kaɗan."

Ta tashi ta kama tafiya, tana jan numfashi tana saukewa. Da ta yi nisa sai ta ji wani ɗumi yana tasowa a hankali, ƙafa ta samu ƙarfi. Bai yanke mata ba har ta isa, bai kuma ƙaru ba ko da ta roƙa. Ta samu mai magani, suka juyo tare. Sai da rana ta yi ja suka iso gindin tsamiya, suka tarar an rufe Nomau da mayafi. Waɗanda ke wurin suka ce bai daɗe da cikawa ba. Ya yi ta tambaya ko ta iso, yana ce musu kada su damu, matarsa ba a rigan ta.

Ba a yi biki ba. Tasallah ta zo gaisuwa ta kasa haɗa ido da ita. Ladingo ta shiga takaba ta daina cin abinci, tana cewa Kitse ya kwashe kayansa ya tafi, ba ta son ganinsa. Yunwa kuwa ba ta zaɓe. Yunwar ta fara cin naman damatsanta, kumatu suka zurma, wuya ya yi tsawo, ƙarfi ya tafi, ciki yana nan inda yake. Ladingo ta tambayi Kitse don me. Ya ce nan ne ɗakinsa, nan take dafawa in za ta kira shi, daga nan zai tashi a ƙarshe. Ya ce in tana son ya ragu, ta ci daidai cikinta ta yi aikin gaske mai tsawo, zai riƙa fita ta numfashinta da zufarta, ba mai ganin fitarsa. Wannan ce maganarsa ta ƙarshe. Tun daga ranar bai ƙara yi wa ɗan Adam magana ba.

Shi ya sa har yau in ka zabura da gudu, abincin cikinka ne ke ɗaukarka, yana ƙarewa ka tsaya kana haki, ko da kana da tumbi kamar randa. Kitse sai tafiya ta miƙa, ana numfashi, yake sa hannu. Shi ya sa mai horon kansa da yunwa fuskarsa ke fara zubewa, ƙarfinsa ya bi, tumbin ya tsaya yana kallonsa. Hajjo, jawo kwanon nan tun bai huce ba.

Ni dai ranar da gwaggo ta gama, na kwashe tunkuzata na tafi gida. Washegari kakanku ya saɓa fartanya zai fita, na bi shi har zaure da takalminsa na fata, na ce ba inda za shi sai ya sa. Ya ce me ya same ni da sassafe. Na tsaya a bakin ƙofa har ya sunkuya ya sa.