Kwalbar Dara-dara

Wayyo daɗi! Yau dai an sallamo ta daga asibiti! Mabiya shafina, ku tsaya in ba ku labari!

Akwai wata yarinya a wani aji, ana ce mata Dara-dara saboda idanunta. Farare tas, abin haushi, ko kwalli ba ta sawa. 'Yar kawunta kuwa, da ake wa laƙabi da Gimbiya, ɗakinsu ɗaya, bencinsu ɗaya. Duk wanda ya yabi idon nan, sai Gimbiya ta ɓata rai.

Da Malama ta ce za a zaɓi fuska ɗaya don hoton kalandar makaranta, Gimbiya ta kasa sukuni, ta tare Dara-dara.

"Yaya, me kike ɗigawa kullum da safe?"

"Maganin ciwon ido ne, likita ya ba ni."

"Ciwo? Rowa dai!"

Sai Gimbiya ta koma satar ɗigawa a banɗaki, tana cika kwalbar da ruwan famfo don kada a gane.

Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe ta. Leɓɓanta suka farfashe, fatarta ta yi bororo kamar an watsa mata tafasasshen ruwa.

A asibiti likita ya yi ta tambaya: "Wane magani kika taɓa?" Kunya ta sa ta ɓoye zancen kwalbar, jiki kuma sai saɓulewa yake.

Sai ga Dara-dara da kwalba a hannu. "Likita, maganina ya daina yi min yaji. Ina jin an raba mana shi."

Likita ya ce bincike ya nuna irin maganin nan yana ƙona fatar wasu, wasu kuma lafiya lau. Da an ƙara ɓoyewa, da sai dai wani zancen.

Gimbiya ta fashe da kuka. "Yaya, idonki nake so."

"Shashasha! Idon da ba ya ganin allo sai na koma bencin gaba?"

Darasi: Hassada ga mai rabo taki ce. Abin da kike ƙyashi a jikin wata, wataƙila ciwonta ne. Kada ki taɓa maganin da ba naki ba, kuma kada ki ɓoye wa likita gaskiya. Ku tura wa ƙawayenku.

Af, na kusa mantawa! Dara-dara aka zaɓa, amma ta ce ba hoto sai leɓɓan Gimbiya sun warke, su tsaya tare. Wannan kam don Allah kada ku gaya wa kowa tukuna, Gimbiya ba ta sani ba!