Maɓallin da Hajiya Tabawa ba ta gani ba

An yi wani mutum a wani gari, ba a zamanin da ba, a zamanin wayar nan da ke aljihunku. Ɗayyabu sunansa. Sana'arsa tsara fuskar manhaja: shi ke zaɓar inda za a danna, da launin da za a sa, da girman rubutu. Wani asibiti ya ba shi aikin manhajar kama layin ganin likita, don masu hawan jini su daina sammako. Ya tsara ta fes, sai ka ce farantin amarya.

Kafin ya miƙa aikin, ya zaga da ita cikin dangi. Kowa ya ce, "Kai, ta yi kyau!" Surukarsa Hajiya Tabawa, wadda ita ma mai hawan jinin ce, ta karɓi wayarsa daga hannun 'yarta, ta ɗan duba, ta ce, "Allah Ya yi wa Malam albarka." Ku saurara, jama'a. Wace suruka ce za ta kushe aikin mijin 'yarta a gabansa? Kara aka yi masa, shi kuwa ya ɗauka gwaji ne.

Aka fara aiki da manhajar. Hajiya ta cike komai a wayarta, ta hau keke-napep zuwa asibiti, aka ce babu sunanta. Ta dawo. Ta sake cikewa, ta sake zuwa, babu sunanta. Maganinta ya ƙare, kai ya fara sara mata.

Babban ɗanta Mamuda ya tara 'yan'uwa a tsakar gida. Ya ce, "Kowa na kama layi da abin nan lafiya lau, sai Hajiya. Rikicin tsufa ne ya fara. A karɓi wayar, kuma ta daina fita ita kaɗai."

Matar da ta yi shekaru tana zuwa kasuwa da gaisuwar mutuwa da ƙafarta, ita ce za a zaunar. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Haka ne, ɗan nan. Kan ne ya fara tafiya."

Ɗayyabu yana durƙushe daga bakin ƙofa, inda suruki ke tsayawa. Ya raɗa wa matarsa, "Ce ta gwada sau ɗaya mu gani." Hajiya ta gwada. Suna daidai, rana daidai. Sai ta ajiye wayar ta ce, "To, na gama." Ɗayyabu ya karɓa ya duba. Saboda raunin ido an ƙara mata girman rubutu, sai rubutun ya ture maɓallin aikawa can ƙasa, inda ba a gani, babu kuma wata alama da ke cewa a ja shafin. Shi a babbar wayarsa kawai ya taɓa gwadawa.

Nan nake so ku tsaya. Babu wanda ya lura. Babu wanda ya tambaye shi. Da ya so, ya koma ofis ya gyara a ɓoye, bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Na daɗe ina juya wannan a raina: shin wanda ya yi shiru ya yi ƙarya? Ban sani ba. Abin da na sani, da ya yi shiru, manhaja za ta gyaru, amma sunan mai ruɗewa zai zauna a kan Hajiya har kabari.

Ɗayyabu ya ɗago kai. Ya ce, "Yaya Mamuda, Hajiya ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Ni na ɓoye mata inda za ta danna."

Mamuda ya karɓe wayar daga hannunsa, ya ce, "A'a, Malam Injiniya! Kai da ake yabo a gari? Ashe uwarmu kake ta aika wa asibiti yawon banza!"

"Ni ne, Yaya."

Hajiya ta ce, "Ku bar Malam, idona ne."

Ya ce, "Hajiya, don masu irin idonki aka ba ni aikin. Ki yafe mini."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta miƙa hannu, ta ce, "Mamuda, ba ni wayata." Ya ba ta. Ranar Ɗayyabu bai iya cin tuwon gidan ba. Ya je asibiti ya faɗa musu da bakinsa, aka nemo sauran tsofaffin da aka kora kamar ita.

Ga darasin, 'yan'uwa: in aikinka ya tuntsurar da mutum, kada ka bari ya ɗauki kunyar da take taka. Kai mai gini da ka yi matakala mai tsawo, kai malami da ɗalibi ya kasa gane bayaninka, kai mai tsara abin da dubban mutane za su danna: sau nawa wani ya ce maka "ni ne ban iya ba," ka ji sanyi a ranka ka yi shiru? Ni da ku duk mun san amsar. Allah Ya ba mu ikon cewa "ni ne" tun mai haƙƙin yana raye.