Ƙato Bayan Jaba

Ga wata nan, ku matso kusa, amma mai hanci ya riƙe abinsa.

A mazaɓar Tsamiya Biyu aka buga gangar zaɓen kansila. Kujerar ba wata kujera ba ce, kututture ne, sai dai duk wanda ya hau shi ake rataya wa makullin rumbun gari a wuya. Wannan makulli shi ya hana wata jaba mai suna Tabawa sukuni, don rabonta da ƙoshi tun kakar bara. Sai ta wanke fuska ta je ta ce ita ma ta fito takara.

Malam Zalɓe, baturen zaɓe, ya sunkuyo da dogon wuyansa har ya gano ta. Ya ce, "Tsarin bana ƙato bayan ƙato ne. Ɗan takara ya tsaya, masu son sa su yi layi a bayansa, ni kuma in ƙirga. Wanda ya gusa kafin in gama, ya janye ke nan."

Tabawa ta ce, "Malam, ka tanadi yawu. Ranar za ka yi ƙirgen da kakanka bai taɓa yi ba."

Cika baki ne kawai. Kun dai san jaba da wari. 'Yan uwanta na ciki ɗaya ma cewa suka yi suna tare da ita ɗari bisa ɗari, amma daga gaba za su tsaya, ta inda iska ke tasowa. Ga abokan takara kuma ba na wasa ba. Akwai Ladingo kura, wadda awaki suka yi wa alkawarin ƙuri'a saboda tsoro, akwai Jatau gwanki mai dangi arba'in.

Da gari ya waye, Tabawa ta tsinci gashin zaki a jikin ƙaya, ta liƙa a haɓa da ƙaro, ta naɗa ganyen ayaba a ka, ta nufi gidan kura tana tafiyar ƙasaita.

"Hajiya, albishirinki! Daga fada aka aiko ni. Zaki ya ce kaf dajin nan ke kaɗai ya yarda da ke. Ranar zaɓe shi da kansa zai tsaya a bayanki."

Ladingo ta daina tauna. "A bayana? Kamar taku nawa?"

"Wane taku kuma? Numfashinsa a ƙeyarki. Ya ce ma azumi zai yi na kwana uku don Allah ya ba ki sa'a, a filin zaɓe zai sha ruwa."

Kafin azahar Ladingo ta aika wa Malam Zalɓe cewa ta janye bisa shawarar iyali.

Tabawa ta cire gemu tana rawa. "Ni ce Tabawa, mai kayar da kura da gashi uku! Saura mai ƙaho."

Shi gwanki ba ya jin ƙarya, don ba ya sauraron kowa. Sai ta zauna ta yi tunani, har idonta ya faɗa kan tururuwa. Su dai a layi aka haife su, a layi suke mutuwa, kuma ba a taɓa jin sun yi ƙorafin wari ba. Ta sato gero cike da ƙoƙo, da niyyar ta zuba shi daga bakin raminsu har filin zaɓe.

Da gari ya waye ranar zaɓe, ta ɗauki ƙoƙo ta fara aiki. Ƙwaya ɗaya a ƙasa, uku a baki. Can kuma ta ga ai ƙasa ba ta jin yunwa. Ko rabin hanya ba ta kai ba ƙoƙo ya koma fayau, tururuwa suka kwashe ɗan abin da suka samu suka juya gida.

Ta iso fili ita kaɗai. Ga Jatau tsaye, dangi arba'in reras a bayansa. Sai ta hangi wani layi yana ratso fili, dogo, ba a ganin ƙarshensa. Idanun jaba ƙanana ne, ba ta tsaya duba launi ba. Ta ruga ta sha gabansu, ta juya musu baya, ta ɗaga hanci.

"Malam, ga jama'ata!"

Jama'ar nan kuwa ba tururuwa ba ce. Kwarkwasa ce, jajayen nan masu cizo, waɗanda ko giwa ke ba su hanya.

Malam Zalɓe ya gama da layin gwanki, ya ce arba'in. Ya tako a hankali ya fara na Tabawa. Yana kai goma na gaba suka iso ƙafarta. Yana kai talatin suka hau wutsiya.

Ta ce cikin maƙe murya, "Malam, in ka wuce arba'in ai sai ka tsaya."

"Doka ta ce a ƙirga kowa."

Ya kai ɗari uku, ya ɗaga kai. "Hajiya, magoya bayanki suna motsi. Zan sake daga farko."

Ta cije. Tana hango makullin rataye a reshen tsamiya, yana lilo, taku biyar tsakaninsu. Hawaye na zuba, ta ce na farin ciki ne. Suka shiga kunne, ta ce sirri suke gaya mata. Malam Zalɓe ya kai ɗari tara, ya tambaya ko waɗanda ke kanta su ma a layi suke, don in a kanta suke ba a bayanta ba, sai an sake lissafi.

Sai wata ƙatuwa ta kama ta a tsinin hanci.

Tabawa ta yi tsalle ɗaya ta dira bayan tsamiya, ta yi na biyu ta faɗa rafi. Malam Zalɓe ya dubi inda take tsaye ɗazu, ya ce, "'Yar takara ta janye." Ya ciro makulli ya rataya wa Jatau a ƙaho.

Daga tsallaken rafi, hanci ya kumbura ya yi kamar gauta, ido ɗaya a rufe, ta ɗaga murya.

"Kowa ya gani, ni na ci! Ku nuna min ɗan takarar da jama'arsa suka taɓa runguma haka! Mu haɗu a kotu!"

Ta shige ciyawa tana susa, cikinta na kuka.

Ƙurunƙus. Kan jabar yana nan, wanda zai iya ya ɗauka.