Majanyin Lantana

Ku matso, wannan ba a ba da shi da ƙarfi.

Mati manomi ya rasa matarsa Lantana wajen haihuwa. Ta bar masa 'ya, Kulu, da majanyin da ta saƙa ba ta samu yin goyo da shi ba.

Kulu na da wata takwas, Mati ya kishingiɗa gindin tsamiya bayan azahar. Barci ya ɗauke shi, sai ga Lantana a wani ɗaki ja mai ɗumi, magina ƙanana kamar tururuwa suna ta ɗora gini. Ta ce, "Malam, su suka gina hantar yarinyar tun tana cikina. Na tafi ban sallame su ba."

Ranar nan Tabawa, uwar Lantana, tana yi wa Kulu wanka, yatsunta suka ji tauri ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Dangi suka ce a kira wanzami ya yi tsaga. Ta ce, "Wanda ya shigo min da aska, shi zan fara tsagawa." Ta kai ta asibitin birni.

A can kowa ya duba ya rasa, sai Likita Rifkatu, wadda ta yi shekaru tana nazarin hantar ɗan tayi. A jinin Kulu ta ga alamar da ɗan tayi kaɗai ya kamata a gan shi da ita. Ta ce, "Baban Kulu, ƙwayoyin halittar da ke umartar hanta ta girma a cikin uwa, bayan haihuwa sukan yi shiru. Na 'yarka ba su yi ba, shi ne ya zama ciwon daji." Maganinta ya tsayar da ciwon, amma hantar ta riga ta lalace.

Sai Gambo, ƙanwar Lantana, saura wata guda bikinta, ta kwanta aka yanki ɓangaren hantarta aka dasa wa Kulu. Ana tura ta ɗakin tiyata tana cewa, "Yaya Mati, share hawayen mana, ai ba duka za su kwashe ba."

Kulu ta tashi.

Mati ya koma gindin tsamiyar, barci ya sake ɗaukarsa. Ɗakin nan ja ya yi tsit, maginan sun tafi. Lantana ta ce, "Majanyina, ka ba wadda ta goya min ita. Kada ka raba shi."

Ya farka ya shiga gida. Tabawa da Gambo suna zaune a tabarma, ta ukunsu likitar da ta zo dubiya, Kulu tana rarrafe tsakaninsu. Ya tsaya da majanyin a hannu.

To jama'a, a cinyar wa zai ajiye shi?