Bushiya da Dokar Hana Gyara

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo, kunnuwanmu na nan.

Wai a wani gari, Bushiya ce ke awon gero a kasuwa. In ta cika mudu sai ya yi tozo, ta kuma ɗebo gyara ta ƙara. Masu saye suka yi ta tururuwa wurinta. Da wannan take ciyar da 'ya'yanta.

Manyan 'yan hatsi kuwa su ne Giwa da Raƙumi da Ɓauna. Ba sa ga maciji da juna, amma ran nan aka gan su inuwa ɗaya suna ƙus-ƙus. Bushiya ta ce a ranta, to, gero zai yi tsada.

Suka kai wa Sarki Zaki gaisuwa buhu-buhu. Giwa ta ce, "Ranka ya daɗe, tausayin talakawa ya hana mu barci. Gyara almubazzaranci ne, hatsin gari zai ƙare." Aka yi shela, an hana gyara. Bushiya ta daina, ta ƙara wa mudu tozo.

Suka koma da gaisuwa, tausayi ya sake hana su barci. Aka yi shela, a shafe bakin mudu. Bushiya ta shafe, ta sauke farashi.

Suka koma na uku, rashin barcin ya yi tsanani. Suka ce a kori Bushiya daga kasuwa, tana ɓata ciniki.

Sarki ya sa aka kira ta. Ba a zuwa fada hannu rabbana, sai ta auno gero mudu guda, ta shafe bakinsa sumul, ta dire gaban Sarki.

Zaki ya leƙa ya ce, "Ke Bushiya, mudun nan jinya ya yi? Ina tozonsa? Ko gyara babu?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, wace ni in karya dokarka a gabanka? Ai haka duk gari ke sayensa yanzu."

Zaki, wanda bai taɓa sayen ko barkono da kansa ba, ya waiwayi fadawa. Sai ya ce, "Cikin masu saye, wa ya kawo ƙarar gyara?"

Fadawa suka dubi juna. Raƙumi ya dubi sama, dama ya fi kowa kusa da ita.

Nan take Sarki ya soke dokokin. Bushiya ta koma rumfarta, ta ci gaba da awo.

In mai sayarwa ya kawo doka don amfanin mai saye, a nemo mai sayen a tambaye shi.

Ƙurunƙus kan ɓera. In da ƙarya a ciki ta Gizo ce, ni dako na yi.